Ƙunar Balkisa da Shayin Jirgi

Tun da na dawo daga Lome ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A bakin rijiya tambaya, a gidan suna tambaya, ranar kasuwar Kanambakashe har wadda ba mu cika gaisawa ba sai da ta tare ni: ya jirgi, da gaske ne ana cin abinci a sama, kunne bai toshe ba? Ni kuwa in ce lafiya lau, in miƙa alawa in wuce. Tabawa ce ta fara ganewa. Ta ce mani, "Ke da bakinki ba ya shiru ko a gidan mutuwa, kin hau jirgi kin dawo da lafiya lau kaɗai? Akwai magana." Akwai kuwa. Ku gyara zama in faɗa maku sau ɗaya, don ba labarin da zan so maimaitawa ba ne.

Kun san ɗiyata ta fari da ke aure a Lome. Sunanta ba ya fita bakina, zan ce mata uwar Balkisa. Mijinta ɗan Mayahi ne, yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta can. Da Balkisa ta isa yaye suka zo ganin gida, na ce a bar mani ita, kamar yadda uwata ta karɓi uwar tata ta yaye. Mijin bai so ba. Bai faɗa a gabana ba, suruki ne mai kunya, amma na ji shi ta bayan zana yana ce mata ƙauye ne, ba likita kusa, ga rairayi, ga moto mai ƙafa biyu. Ita ce ta tsaya mani. Ta ce mashi, "Inna ta goyi bakwai, ba wanda ya yi ko tabo." Ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya, ita kuma ta isar mani: kada a hau moto da yarinyar, ko mene ne a kira shi ya turo mota daga Mayahi. Na ce to. A raina na ce ji ɗan lakwal, ɗan boko, da iyayi, mu da muka girma a bayan jaki.

Wata uku Balkisa na hannuna. Ta manta nono, ta kama fura, ta yi kumatu. Gidan da ya yi shiru tun rasuwar mai gidana ya koma gida. Uwar tata kuma na ɗauke da wani cikin, ni har na sa rai da na biyun, ina faɗa maku cewa wannan ma nan zai sha kununsa.

Sai ga kira daga Lome: ciki ya yi nauyi, ba za ta iya zuwa ɗaukar ɗiyar ba, ni zan kai ta. Na ce to, a wace tasha ake shiga motar Lome? Ta ce ba mota ba, jirgi, don hanyar ƙasa kwana uku ce, ga iyakoki, ga abin da ake ji na daji. Nan na tada jijiyar wuya. Ku shaidu ne, gida-gida na bi ina cewa ƴan lakwal za su ɗauki jinjira su rataye ta tsakanin sama da ƙasa. Na ce mota in ta lalace a sauka a zauna a inuwa, jirgi fa? Uban Balkisa da kansa ya karɓi salula ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Abin da hanya ke ci na yara, jirgi bai ci ba." Na ce mashi Allah ya kyauta, na kashe.

Ana gobe motar da ya shirya za ta zo ɗaukarmu, tsoro ya hana ni sukuni. Na tuna Malam Habu, tsohon malamin nan na wata tunga kan hanyar Isawan, wanda ya yi wa mai gidana addu'a da zai tafi Makka. Hanyar tungar ba abin da ke shigarta sai amalanke ko moto, amalanke kuwa wuni guda ne. Na aika aka kira Sani mai kabu-kabu, magidanci ne mai natsuwa, kun san shi. Na goya Balkisa, na ɗaure da majanyi, na hau. Kada ku ce na manta sharaɗin. Na tuna shi sarai, na ce ai don ita zan je.

Malam ya yi addu'a ya tofa mata, sannan ya dube ni ya ce, "A me kuka zo?" Na ce a moto. Ya ce, "Jirgin da kike tsoro, masu shi sun san aikinsu. Ki ce wa mai moton ya bi a hankali." Har dariya na yi, na ce Malam ya tsufa.

Wajen la'asar muna dawowa, a wani gangare mai rairayi, awaki suka ɓullo. Sani ya kauce, ƙafar gaba ta nutse, muka kwanta gefe guda. Ba gudu yake ba, faɗuwa ce kamar ta wasa, ni ko ƙwarzane ban yi ba. Amma ƙafar Balkisa ta hagu ta shiga ƙarƙashin bututun hayaƙi. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa a bakinta ba. Kafin Sani ya ɗaga moton, fata ta saluɓe a ƙwaurinta, faɗin tafin hannunta.

Sani ya ce, "Inna, mu wuce likita Kanambakashe yanzu." Na ce a'a. Majon da ke can, babban mai jinyar wurin, ɗan Mayahi ne, tare suka yi lakwal da surukina, kafin mu fito labari ya kai Lome. Na ce wa Sani in na ji maganar nan a bakin wani ban yafe ba. A gida na fasa ƙwai na shafa mata, na bi da man shanu, na naɗe da tsumma. Na ɗauko safar da uwarta ta aiko don sanyin jirgi na zura mata, na ɗora dogon wando. Da magariba uwar ta kira ta bidiyo kamar kullum, na saita salular daidai fuska. Ta ce, "Inna, me ya sa idonta ya kumbura?" Na ce rigima ce, ta ga ana haɗa kaya.

Washegari motar ta zo har ƙofar gida ta kai mu Tasawa, muka kwana gidan ƙanena. Bayan asuba muka shiga kar, doguwar motar nan ta Yamai. Tabawa, ke da kike cewa Maraɗi nisa, Maraɗi fa nan ne bayan ɗaki. Mun wuce ta rana ba ta yi zafi ba, muka yi ta tafiya har na daina tambayar sunayen garuruwa. A Ƙonni aka tsaya salla, na sayi tsire da burodi, Balkisa ta kau da kai. A Doso na sayi dambu da zogale, nan ma ta ƙi. Ruwa kaɗai take sha.

Kar ɗin cike take da yara. Wasu a cinya, wasu biyu-biyu a kujera, wani an zaunar da shi kan jarka a tsakiyar hanyar wucewa. Bayan Dogon Dutsi amalanke ta shigo kwalta, direba ya taka birki, yaron kan jarka ya tafi da baki ya daki ƙarfen kujera, leɓe ya fashe. Kowa ya ce sannu, uwar ta ɗaka mashi duka don me bai riƙe ba, aka goge jini da bakin zani aka ci gaba. Ni ma sannun na ce, ban ga wani abu a ciki ba. Jandarmomi sun tsayar da mu ya fi sau biyar, kowane karo a duba katin manya. Ba wanda ya tambaye ni ɗiyar wa ce a jikina, ko ina zan kai ta.

A Yamai muka sauka gidan Hajiya Zuwaira, ƙanwar mai gidana, kwana biyu. Ta yi mana karɓa ta arziki, shinkafa da kifin kogi, ɗaki har da fanka. Ni kuwa wankan Balkisa ban yarda kowa ya yi ba, sai in ja ƙofa in kulle. Hajiya ta ce, "Yaya, wannan zafi na Yamai kin sa wa yarinya safa?" Na ce uwarta ce ta ce. Jikin yarinyar ya yi zafi, Hajiya ta ce haƙori ne, ta ba ta maganin zazzaɓi na ruwa. A kwana na biyu da na buɗe tsumman na ji ya fara wari. Na fito tsakar gida da niyyar faɗa wa Hajiya, na tarar tana waya da Lome tana cewa, "Ai kun yi dace da kaka, ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kanta." Na koma ɗaki na ƙara man shanu.

Filin jirgi kuma wata duniya ce. Ashe iyakar ƙasa cikin ɗaki take, ba kogi ba shinge, wani polis ne zaune cikin akwatin gilashi. Shi kam bai yi irin ta jandarmomin hanya ba. Ya karɓi fasfo nawa da na Balkisa, ya karɓi takardar da ubanta ya sa hannu cewa ya yarda in fita da ita, ya karɓi katin rigakafi. Ya dubi hoto ya dubi fuskarta sau uku, ya tambaye ni me nake gare ta. Na ji haushi, na ce kama ba ta isa shaida ba? Wata mata a bayana ta yi dariya ta ce, "Hajiya, don kada a saci ƴaƴan mutane ne." Sunanta Hajiya Rabi, ƴar Damagaram, mai fataucin atamfa, ta san hanyar Lome kamar hanyar ɗakinta. Ita ta zama bakina daga nan, don ni faransancina bai wuce gaisuwa ba.

A wajen binciken kaya suka ciro gwangwanin man shanuna suka ce ba ya shiga jirgi. Na yi ta masifa, na ce me man shanu ya taɓa yi wa jirgi? Hajiya Rabi ta ce in bar masu, a Lome akwai mai iri-iri. Ba ta san abin da nake yi da shi ba.

Cikin jirgin kujeru ne a jere kamar na kar, sai dai tsabta da sanyi. Aka nuna mani wurina, Allah ya sa kusa da Hajiya Rabi. Na juyo da goyon gaba kamar yadda muke yi a mota, na ƙara tamke zani, na rufe ƙafafun ruf. Sai ga wata ma'aikaciyar jirgi, doguwa baƙa mai wushirya, ƴar Togo. Ta durƙusa a gabana, ta yi wa Balkisa wasa, ta nuna mani wata ƴar ɗamara ƙarama. Hajiya Rabi ta ce, "Ta ce ki kwance goyon ki zaunar da ita a cinya. Wannan ɗamarar za a saƙala a jikin taki, a ɗaura mata."

Na ce ba zan kwance ba. Na ce a faɗa mata na goyi bakwai da zanin nan tun ba a haife ta ba, ba wata igiya da ta fi majanyi. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana a hankali, Hajiya Rabi ta juya mani: zani na riƙe yaro in kina tafiya a ƙasa, amma in jirgi ya girgiza ko ya ja birki da ƙarfi, nauyinki ne zai danne ta. Na ce Allah ke tsarewa. Ta ce haka ne, amma ba za a tashi ba sai an ɗaura.

Kuma ba a tashi ba. Jirgi guda, da alhazai da masu kwat a ciki, ya tsaya cik saboda ɗiyar da ba ta cika shekara biyu ba. Mutane suka fara waiwaye. Wani dattijo daga gaba ya ce, "Hajiya, ki yi wa Allah ki bari a yi aiki." Ni kuwa ina ta zuba, ina kiran al'ada, ina kiran kakanni. Wallahi ba al'ada ce ta dame ni ba. Na san in zanin nan ya sauka, ƙafar za ta fito.

Da na ga idanu sun yi yawa na kwance. Matar ta kama ƙafar Balkisa za ta gyara mata zama, yarinya ta ƙwalla ƙara. Safar ta jiƙe ta yi ruwan ɗorawa, ta manne. Matar ta dubi safar, ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ta ɗaura ɗamarar a hankali ta tafi.

Ku da kuke tambaya ya tashin jirgi yake, ban sani ba. Abin da na yi wata guda ina tsoro ya zo ya wuce ina kallon safa. Da muka daidaita a sama matar ta dawo da wani akwati, ta sa safar hannu, ta durƙusa nan tsakanin kujeru. Ta jiƙa safar da ruwa, tana ɗagawa kaɗan-kaɗan tana yi wa Balkisa waƙa da yarensu. Da tsumman ya fita Hajiya Rabi ta yi salati ta ce, "Baiwar Allah, wannan ta kwana nawa?" Na ce huɗu. Ta ce me ya ƙona ta? Na ce moto. Ta ce uwar ta sani? Na kau da kai.

Matar ta wanke ciwon, ta shafa magani, ta naɗe da farin ƙyalle na likita. Ta rubuta wata ƴar takarda ta ba ni, ta ce in ba uwar, kuma a kai yarinyar likita yau ba gobe ba. Da aka zo rabon shayi ta ƙi miƙo mani kofi ta kan Balkisa, ta zagaya ta ajiye a gaban Hajiya Rabi, ta ce in bari ya huce. Can jirgi ya shiga gajimare ya yi ta tsalle kamar amalanke a kan kunyar gona. Balkisa na cinyata, ƴar ɗamarar da na raina na riƙe da ita, ko gezau. Barci ma ta yi, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da muka faɗi.

Muka sauka Lome. Uwar Balkisa na tsaye da cikinta, mijin a gefe. Ta sure ɗiyar tana sumbata tana kiran sunanta a gaban jama'a, ɗiyar fari fa, su can ba ruwansu da wannan kunyar. Sai hannunta ya taɓa ƙyallen. Ta ce, "Inna, me ya same ta?"

Takardar na ƙulle a bakin zanina. Hajiya Rabi ta riga ta yi gaba da kayanta. Na dubi surukina, na tuna sharaɗinsa, na tuna wadda ta tsaya mani a bayan zana. Sai na ji bakina ya ce, "Shayin jirgi ne. Ma'aikaciyar ce ta zubar mata."

Daga filin jirgi likita muka wuce. A motar surukina akwai wata kujera ta yara ɗaure a baya, nan aka sa Balkisa aka ɗaure ta, ina kallo. Likitan ya buɗe ciwon, ya yi magana mai tsawo da faransanci. Uban yana waje yana waya, uwar ce kaɗai a ciki. Na ga ta dubi likitan, ta dubi ƙafar, ba ta dube ni ba. Aka yi wa yarinyar allura, aka ce a riƙa kawo ta wanki kullum.

Kwana uku na yi a gidan nan kamar a kan ƙaya. An yi mani duk abin da ake yi wa uwa. Sun daka mani doya har ta yi laushi kamar ƙullun fura, da miyar kifi mai yaji, na ci loma biyu na ture. Sun kai ni na ga teku, ruwa ne ba iyaka yana ta hauka shi kaɗai, na ce masha Allah na koma mota. Matan garin su ke tuƙa motonsu da hular ƙarfe a ka, kasuwa ma tasu ce, ga iska mai danshi da ke sa tufa ta ƙi bushewa. Da a ce da kwanciyar rai na je, da na zo maku da labari har ku gaji.

Surukina kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce wadda ta ƙona ɗiyar mutane ta rufe da ƙyalle ba ta ko ba da haƙuri ba, ba ta dace da aikin ba, gobe wani yaron za ta ƙona. Ya zauna ya rubuta ƙara zuwa kamfanin jirgin. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, yaya kamanninta?" Ku ji abin da na yi. Na ce doguwa ce, baƙa, mai wushirya. Da bakina na siffanta matar da ta durƙusa a ƙasa tana wanke ruɓar da ni na jawo. Ya rubuta, ya ce ranar Litinin za mu je ofishinsu tare in faɗa da bakina.

Ranar Lahadi da hantsi ya fita. Uwar Balkisa na kicin zaune kan kujera ƴar tsugune tana feraye doya. Kun san tsakanina da ita ba doguwar magana, ɗiyar fari ce, tun tana ƙarama ban taɓa zama na dubi idonta na yi hira da ita ba. Na tsaya a bakin ƙofa har ƙafata ta gaji. Sannan na kwance bakin zani na ajiye takardar a kan tire, kusa da doyar. Na ce, "Ki hana shi zuwa ofishin nan. Matar ba ta yi komai ba sai alheri. Moto na hau da ita, muka faɗi, kwana huɗu kafin jirgi."

Ta karanta takardar, ta ninke, ta ci gaba da feraya. Ta ce, "Na sani, Inna. Tun ranar nan likita ya faɗa mani. Ya ce ƙunar ƙarfe ce ba ta ruwa ba, ba kuma ta ranar ba ce, kuma an shafa mata abin da ya sa ta ruɓa. Ya ce da an ƙara kwana biyu da sai an kwantar da ita."

Na ce, "To me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Ina jiran ki ne. Da ba ki faɗa ba, da daren nan zan faɗa mashi, don ba zan bari a kori baiwar Allah a banza ba." Ta ajiye wuƙar. "Faɗuwa kowa na iya faɗuwa, Inna. Ko a hannuna tana iya ƙonewa. Amma kullum ina kira, kina nuna mani fuskarta."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Na so a ce ta zage ni. Ni da na haife ta, na tsaya a gabanta kamar yarinyar da aka kama da hannu cikin tukunya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ta yafe mani. Ta ce ta yafe, ta miƙo mani wuƙa ta ce in taya ta doyar.

Yadda ta faɗa wa mijin ban sani ba. Litinin ta zo ta wuce ba a je ofis ba. Da safe ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, har ya fi da ladabi, ya tambayi ƙafata da ke ciwo, ya sayo mani magani. Ko sau ɗaya bai ambaci moto ba. Wannan shirun nasa ya fi mani duka zafi.

Na yi sati uku. Ciwon ya rufe, amma likita ya ce tabon zai zauna. Balkisa ta koma gudunta, tana bina ɗaki-ɗaki tana neman fura, ba ta riƙe ni da komai ba. Ranar da zan taho suka rako ni filin jirgi. Uban ya yi gaba da jakata, muka rage ni da uwar. Na dubi cikinta, na yi ƙarfin hali na ce, "To, Allah ya raba lafiya. In ya isa yaye kuma..."

Ta gyara mani lulluɓina da ya zame. Ta ce, "Inna, in na haihu za mu aiko maki ki zo wankan jego, ki zauna iyakar yadda kike so. Yaye kam, nan za mu yi shi."

Na ce to.

A jirgin dawowa da hannuna na ɗaura ɗamara tun ba a ce ba. Na yi ta leƙen ma'aikatan ko zan ga mai wushirya in roƙe ta gafara, ba ita ce a ciki ba, ko sunanta ban sani ba. Da muka iso Tasawa na ga wata a bayan moto, goyo a baya, ɗaya a cinya, ɗaya a kan tanki. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna ko ni wace ce, na rufe.

To, Tabawa, kin ji abin da ke ƙarƙashin lafiya lau. Sani ma na janye "ban yafe ba" ɗin da na yi mashi, ya faɗa wa wanda ya so. Abu ɗaya nake roƙonku: ku daina tambayata yaushe za a kawo mani na biyun. Ba za a kawo shi ba, kuma ba jirgi ne ya hana ba.